Taku Goma Kafin Matsallaka

Dokar hana ajiye mota dab da wurin tsallaka titi doka ce ta ido. Manufarta direban da ke tafe ya hango mai tafiya a ƙasa tun kafin ya sa ƙafa a kwalta, shi ma mai tsallakawar ya hango motar. Wannan ne ake mantawa duk sa'ad da labari ya fito cewa jami'an hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, KAROTA, sun sa janwe ya kwashe motoci a wani titin birnin Kano. Nan take zance kan koma kan tara da kuɗin shiga, da wanda aka kama da wanda aka ƙyale don yana da uwa a gindin murhu. Ƙorafin kan yi tushe wani lokaci, amma ya danne asalin maganar.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma daga lokacin da direba ya ga abu zuwa ya tsaya cak tana buƙatar sama da mita 20, a busasshiyar kwalta, da lafiyayyen birki. A gudun kilomita 80 tazarar ta haura mita 50. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa bai kai tsayin rufin Golf ba, balle bas ko akori-kura mai lodin buhuna. Idan irin wannan mota ta tsaya a bakin matsallaka, ta zama katanga. Yaron zai leƙo ne daga gabanta, a lokacin da shi da motar da ke tafe sun riga sun haɗu.

A garin Slough na Ingila aka fara zana fararen layukan tsallaka titi masu kama da jikin jakin dawa, a 1951. Bayan shekara ashirin aka ƙara wasu layuka masu karkace-karkace a gefen titin, waɗanda suka haramta tsayawa kusa da matsallakar. A Jamus an hana fakin cikin mita 5 kafin isa gare ta. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta sa ƙafa 20, wato kimanin mita 6, ta fara cin tara a Janairun 2025, kuma dokarta ta shafi har matsallakar da ba a zana ba. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ta fi dacewa da karkarar Kano.

A ƙaramar hukumar Makoɗa, mai hedikwata a Koguna, ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da dubu 220. Ƙasa ce ta gonaki manne da juna da ƙauyuka kusa-kusa, inda gida ke wannan gefen hanya, gona ko rijiya ko makarantar Islamiyya na wancan gefen. Matsallaka a irin wannan wuri ƙafa ce ke zana ta. Duk wanda ya duba zai ga inda turba ta fito daga cikin gari ta faɗa kwalta, ta sake ɓullowa a ɗaya gefen, ƙasar wurin ta yi sumul saboda sawun mutane da na awaki. Matsalar ita ce daidai nan ɗin ne direban haya ke son tsayawa, domin nan fasinja yake fitowa. Nan mai shayi ke kafa teburinsa, nan 'yan acaɓa ke jera babura a inuwar darbejiya, nan 'yan talla ke rugawa da farantin gyaɗa da zarar mota ta rage gudu. Yarinyar da ta miƙa ƙullin gyaɗa ta taga, ta karɓi kuɗi, ta juya da gudu ta bayan motar, hankalinta na kan canji. Ranar kasuwa abin ya fi muni a babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Ɗambatta zuwa Kazaure da Daura, wadda mutanen yankin ke bi da kayan gona. Da kaka kuma amalanke da buhunan gero da shanyar amfanin gona kan cinye abin da ya rage na kafaɗar titi.

Abin takaici, ƙasar Hausa ta san maganin wannan tun kafin zuwan mota. Fataken da ke bin hanyoyin Kano da jakuna da raƙuma ba sa sauke kaya a bakin ƙofar gari. Madugu kan kai ayari zango, wurin da aka keɓe masa, mai sarkinsa. A kasuwa ma dabbobi suna da nasu ɓangaren, kara daban, turakun jakuna daban, hanyar mutane a buɗe, sarkin kasuwa na lura. Wanda ya ɗaure jakinsa a tsakiyar hanya ya san za a yi masa magana, kuma ba ya cewa an ci zalinsa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manyan motoci suka biyo baya, tasha ta gaji zango, har da sarautar sarkin tasha. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, da aka kafa a 1978, ta gaji wannan tsari na bin layi da lodi. Abin da ya lalace daga baya shi ne lodin gefen hanya, inda direba ke guje wa kuɗin tasha da jiran layi, fasinja kuma ke guje wa tafiyar taku ɗari. Kowa ya samu sauƙi, aka bar yara da tsofaffi da haɗarin. Masu cewa dokar fakin baƙuwar al'ada ce ta Turawa su tuna da zango.

Kan batun wanda ke da alhaki, an saba jifan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ko KAROTA, wadda ta zo a 2012 zamanin gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. Amma babu hukumar da za ta iya girke jami'i a kowace turba ta Makoɗa, daga Maitsidau zuwa Wailare. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kafa kasuwanni da tashoshin mota da tsara su a wuyan ƙananan hukumomi, har da ba da lasisin kekuna da amalanke. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, uzurin rashin iko ya ƙara rauni. Majalisar da ke iya tura mai yankan rasit kasuwa kowane mako tana iya tura mutum da igiyar awo.

Abin da jama'a kan yi da kansu shi ne tudun rage gudu. Bayan an kaɗe wani, matasa kan fito da ƙasa da duwatsu su tare hanya cikin fushi. Tudun yana rage gudu, kuma rage gudu yana ceton rai, shi ya sa taron duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsaya a kilomita 30 inda mutane da motoci ke cuɗanya. Sai dai tudun yana jawo wata illa da ba a cika lura da ita ba: inda mota ke rage gudu, nan ciniki ke taruwa, nan direba ke tsayawa sauke fasinja, sai wurin da aka gyara don tsallakawa ya zama shi ne mafi duhu ga ido.

Gyaran ba ya buƙatar kwangila. Birnin Hoboken na jihar New Jersey ta Amurka, wanda ya yi shekaru a jere tun daga 2017 ba a rasa rai a titunansa ba, ya dogara sosai da fenti da sandunan roba da ya kafa a kusurwoyin mahaɗa don mota ta rasa wurin tsayawa. A Makoɗa tsofaffin tayoyi da aka binne rabi aka shafa musu farar ƙasa, ko gangunan da aka cika da kankare, za su yi aikin. Ana auna kamar taku goma na babban mutum daga bakin turbar, ta ɓangaren da mota ke tahowa, a kowane gefen titi, a bar wurin fayau: ba mota, ba babur, ba tebur, ba tarin buhu. Inda motoci ke sheƙa gudu sai an ninka tazarar. Wurin lodi kuma a mayar da shi gaba da matsallaka, yadda fasinjan da ya sauka zai koma baya ya tsallaka a fili. Dagaci da mai unguwa su ne suka san turbar da 'yan makaranta ke bi, shugaban direbobi na reshe kuma shi ne mai iya hana lodi a wurin da kalma ɗaya.