Sirrin Unguwar Vauban

A kudancin birnin Freiburg na ƙasar Jamus akwai wata unguwa mai ɗaure wa baƙo kai. Sunanta Vauban, sunan Bafaranshe. Gidajenta sababbi ne, itatuwanta kuwa tsofaffi. A tsakanin gidajen ga wasu dogayen gine-gine masu tagogi jere reras, duk zubinsu ɗaya. Yara na wasa a tsakiyar layi, ba mota a ƙofar gida. Me ya haɗa duk waɗannan a wuri guda?

Mu fara da sunan. Wurin barikin soja ne da aka gina a zamanin Hitler. Da aka ci Jamus da yaƙi a 1945, sojojin Faransa suka tare a ciki, suka raɗa masa sunan Vauban, injiniyansu da ya shahara wajen gina ganuwa. Manyan itatuwan nan tun na barikin ne.

A 1992 sojojin suka kwashe nasu ya nasu, hukumar birni ta sayi filin don gina sababbin gidaje. To, me ya tsirar da dogayen gine-ginen daga katafila? Freiburg garin jami'a ne, haya ta yi tsada. Ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka kafa ƙungiyar SUSI, suka tsaya kai da fata har aka bar musu gini huɗu. Da hannunsu suka fasa bango, suka mayar da ɗakunan kwanan soja gidajen zama masu arha.

Saura batun mota. A 1994 wasu mazauna birnin suka kafa ƙungiyar Forum Vauban, hukuma ta zauna da su wajen tsara unguwar. Aka daidaita cewa a yawancin layuka mota za ta shigo ne a hankali, ta sauke kaya ta fita. Mai mota sai ya sayi wurin ajiya mai tsada a garejin bakin unguwa. Da jirgin taragu na cikin gari ya iso a 2006, zama ba mota ya ƙara sauƙi.

Yau sama da mutum 5,000 ke zaune a nan. Amsar tambayoyin kusan ɗaya ce: an saurari waɗanda za su zauna a wurin tun kafin a kammala zanen unguwar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.