Gyara Ka Gani Nan Take: Kayan Aikin Masu Gina Shafin Intanet

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ɗakin kwamfuta domin koyon rubuta shafin intanet ya san wannan wahala. Za ka rubuta layi biyu ko uku, ka adana fayil ɗin, ka koma wurin burauza, watau manhajar da ake buɗe shafuka da ita, ka danna maɓallin F5 domin shafin ya sake buɗuwa, sa'an nan ka ga ko abin da ka rubuta ya yi daidai. In launin bai yi maka ba, sai ka koma ka sake bin matakan nan tun daga fari. A ce kowane zagaye yana cin daƙiƙa 10, ka kuwa yi gyara sau 200 a yini, ka zubar da fiye da rabin awa ke nan a kan danne-danne kawai. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne rabuwar hankali, gama kafin ka je ka dawo ka manta abin da kake nema. Wani lokaci ma mutum yakan manta bai danna F5 ba, ya yi ta neman kuskure a rubutun da ya riga ya gyara.

Domin maganin wannan ne masu sana'ar suka ƙirƙiro kayan aikin da ke sake gina shafi da kansu, su kuma sa burauza ta nuna sabon aikin da zarar an adana shi. Kafin mu ga yadda suke aiki, ya kamata mu san abin da ake nufi da gina shafi.

A shekarar 1989 ne Tim Berners-Lee, ɗan Ingila, ya ba da shawarar kafa yanar gizo, sa'ad da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba a ƙasar Suwizalan. A 1991 aka buɗe shafin farko ga jama'a. Shafukan wancan lokaci rubutu ne zalla cikin harshen HTML, wanda ke nuna ina ne kan magana, ina ne sakin layi. A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript, wanda ke sa shafi ya amsa in an taɓa shi. A 1996 kuma aka amince da CSS, mai kula da launi da girman haruffa da shimfiɗar shafi. Da tafiya ta yi nisa, babban shafi ya zama tarin ɗaruruwan fayiloli, waɗansu ma an rubuta su da harsunan da burauza ba ta ji, irin su Sass da TypeScript. Dole a fassara su, a harhaɗa su, kafin burauza ta iya karantawa. Wannan fassara da harhaɗawa su ake kira gini.

Aikin ya kasu kashi uku. Domin sauƙin fahimta, bari mu ɗauke su kamar ma'aikata uku: mai gadi, magini da ɗan aike.

Mai gadi shi ne ke sa ido a kan jakar da fayilolinka suke. Yana da hanya biyu. Ta fari ita ce ya riƙa zagayawa bayan kowane ɗan lokaci yana duba ko an taɓa wani fayil. Wannan tana gajiyar da kwamfuta in fayilolin suna da yawa. Ta biyu kuwa, ya roƙi babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta sanar da shi in an yi canji, shi kuwa ya zauna ya jira. A Linux ana kiran wannan tsari inotify, an shigar da shi a 2005. Kwamfutocin Mac suna da nasu mai suna FSEvents tun 2007, Windows ma tana da nata. Mai gadi nagari ba ya gaggawa. Yakan ɗan dakata ƙasa da daƙiƙa ɗaya, domin in an adana fayiloli biyar a tare a yi gini sau ɗaya maimakon sau biyar.

Magini shi ne ke karɓar labari daga mai gadi ya sake gini. Dabararsa ta girmi yanar gizo. A 1976 Stuart Feldman na ɗakin bincike na Bell Labs a Amurka ya rubuta wata manhaja mai suna make. Tana kwatanta lokacin da aka taɓa kowane fayil da lokacin da aka yi gini na ƙarshe, sai ta sake abin da ya canja kaɗai tare da abin da ya dogara a kansa. In ƙofa ɗaya ce ta lalace, ai ba a rushe gida duka. Manhajojin baya sun bi wannan sawu. Webpack, wadda Bajamushen nan Tobias Koppers ya fara a 2012, tana riƙe da taswirar da ke nuna wane fayil ke bukatar wane, saboda haka ta san iyakar inda canji ya shafa.

Ɗan aike shi ne ke kai wa burauza labari cewa an gama. A nan akwai wata matsala. Bisa ga tsarin asali na yanar gizo, burauza ce ke tambaya, sabar, watau kwamfutar da ke ajiye shafin, ita ce ke amsawa. Sabar ba ta fara magana. To yaya za ta ce wa burauza ta sake buɗe shafi? Dabarar ita ce a cusa wani ɗan guntun JavaScript cikin shafin, wanda zai buɗe layi tsakanin su biyu ya bar shi a buɗe, kamar mutum biyu da suka kira juna a waya ba su ajiye ba. Yawanci ana amfani da hanyar da ake kira WebSocket, wadda aka tsai da ƙa'idarta a 2011. Da magini ya gama, sai saƙo ya bi ta layin nan, shafin ya sabunta kansa. Manhajar LiveReload tana cikin na farko da suka yaɗa wannan dabara, tana kuwa amfani da ƙofa mai lamba 35729.

Sabar da muke magana a kai tana cikin kwamfutarka ne, ba a wata ƙasa ba. Adireshinta localhost, ko kuma 127.0.0.1, ma'anarsa ita wannan kwamfutar da kake kai. Wannan albishir ne ga ɗalibai, gama da zarar an sauke kayan aikin sau ɗaya, ana iya koyo yini guda ba tare da sayen data ba.

Har wa yau akwai wani ci gaba. In shafi ya sake buɗuwa gaba ɗaya, duk abin da ka riga ka yi a kansa yakan shafe. A ce kana gina fom na neman shiga makaranta mai gurbi 20, ka cika 15 domin gwaji, sa'an nan ka gyara kalma ɗaya. Shafin zai dawo fayau, ka sake cikawa. Saboda haka aka fito da dabarar canja ɓangare ɗaya shafin yana nan a buɗe, kamar yadda ake canja ƙwan lantarki ɗaya ba tare da an kashe wutar gida duka ba. Webpack ta yi suna da wannan. A 2020 kuma Evan You ya fito da Vite, wadda sunanta kalmar Faransanci ce mai nufin sauri. Ita ba ta harhaɗa fayilolinka a lokacin da kake aiki. Tana miƙa wa burauza kowane ɓangare sa'ad da ta nema, domin burauzocin zamani sun iya karɓar JavaScript ɓangare ɓangare.

Mai farawa ba ya bukatar manyan kayan nan tukuna. In kana rubutu da Visual Studio Code, akwai wani ƙari mai suna Live Server wanda ke buɗe shafinka a ƙofa ta 5500, yana sabunta shi duk lokacin da ka adana. Akwai kuma Browsersync, wadda ke nuna shafi ɗaya a kwamfuta da waya a lokaci guda in suna kan layi ɗaya. Ka ja shafin ƙasa a kwamfuta, na wayar ma ya bi. Da haka za ka ga tun da wuri ko rubutunka ya shiga ƙaramin allo.

Amfanin wannan ga mai koyo babba ne. Hausawa sun ce da zafi zafi akan bugi ƙarfe. In ka canja lamba ɗaya ka ga haruffa sun yi girma nan take, ka gane aikin lambar nan fiye da in ka karanta shi sau goma a littafi. In kuma shafin ya lalace, ka san layin da ka taɓa yanzu shi ne mai laifi.

Sai dai akwai abubuwa huɗu da ya kamata mu kiyaye. Na ɗaya, kayan nan abin da ka rubuta suke nuna maka, ba su gyara kuskure. In jan rubutu ya fito a allo, ka natsu ka karanta shi, gama sau da yawa yana faɗin sunan fayil da lambar layin. Na biyu, saurin yakan jawo ɗabi'ar canke, mutum ya yi ta canja lambobi har a dace, ba tare da ya san dalili ba. Wanda ya saba da haka, ran da aka ce ya bayyana aikinsa zai yi shiru. Na uku, shafi yana buɗuwa da sauri a kwamfutarka domin ba ya tafiya ko'ina. Mai ƙaramar waya a inda layi ke da rauni zai iya jira ya gaji, musamman in ka cika shafin da manyan hotuna. Saboda haka a gwada ginin ƙarshe kafin a sake shi ga jama'a. Na huɗu, wani lokaci canjin ɓangare yakan bar ragowar tsohon aiki a shafin. In abin da kake gani ya saɓa wa abin da ka rubuta, ka koma ga tsohon abokinka F5.

A ƙarshe, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, gani ya kori ji. Ran da kuka shiga ɗakin kwamfuta, ku nemi izinin malami, ku raba allo gida biyu, rubutu a hagu, burauza a dama. Ku rubuta sunan makarantarmu, ku canja launinsa, ku adana, ku dubi dama. Kafin kowane canji kuma, ku fara faɗa wa na kusa da ku abin da kuke zaton zai faru, sa'an nan ku adana ku ga ko zatonku ya yi daidai.