Malaman da suka tsaya wa harshen Masedoniya

Masedoniya ta Arewa ƙaramar ƙasa ce a yankin Balkan da ke kudu maso gabashin Turai, mutanenta ba su cika miliyan biyu ba. Harshen mafi yawansu ɗan dangin harsunan Slav ne, dangin da ya haɗa Rashanci da harsunan Poland, Yukren, Sabiya da Bulgeriya. A cikin danginsa, shi ne ɗaya daga cikin na baya-bayan nan da suka samu ƙa'idar rubutu. Sai a watan Agustan 1944 aka ayyana shi harshen hukuma, a watan Mayun 1945 kuma aka amince da baƙaƙensa 31.

Abin mamakin shi ne, a wannan yankin karatun Slav ya fara tsayawa da ƙafarsa. Cyril da Methodius, wa da ƙane 'yan birnin Salonika, su suka ƙirƙiro wa Slav haruffa wajen shekarar 863. Almajirinsu Clement ya zauna a yankin Ohrid daga 886 yana karantarwa, har ana cewa ya yaye ɗalibai kusan 3,500. Amma harshen coci daban, bakin talaka daban. Ƙarni bayan ƙarni, a ƙarƙashin Daular Usmaniyya da bayanta, yaro yana magana da harshen gida, a makaranta kuwa a koya masa Girkanci ko harshen Bulgeriya ko na Sabiya, gwargwadon wanda ya gina makarantar.

A 1903 Krste Misirkov ya buga littafi yana kira da a gina daidaitaccen harshe a kan karin maganar tsakiyar ƙasar, wajen Veles da Prilep da Bitola. Shawarar ta kwanta fiye da shekara arba'in. Wanda ya ɗauki nauyin aikin daga baya shi ne Blaže Koneski, mawaƙi kuma masanin harshe, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya shiga kwamitin tsara haruffa. Shi ya rubuta nahawun harshen a juzu'i biyu, 1952 da 1954, ya kuma jagoranci aikin ƙamus. Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba, don haka aka ɗauki Kananci aka ɗora daidaitacciyar Hausa a kansa.

Baƙi ma sun sa hannu. Horace Lunt na Jami'ar Harvard ya fitar da nahawun harshen da Turanci a 1952. Victor Friedman na Jami'ar Chicago ya shafe rayuwarsa yana nazarinsa tare da harsunan maƙwabta, Christina Kramer ta Jami'ar Toronto kuma ta rubuta littafin da masu jin Turanci suke koyonsa da shi. Tun ƙarshen shekarun 1960 jami'ar Skopje, babban birnin ƙasar, take tara malamai da ɗalibai daga ƙasashen waje a bakin tafkin Ohrid kowane bazara, a yi makonni ana darasi.

Me ke jan masana zuwa ga ƙaramin harshe haka? Ya saɓa wa yawancin danginsa. Rashanci yana sauya ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla, shi kuwa ya yar da kusan duk wannan. Sannan yana liƙa wa suna ɗafi a baya, kamar yadda muke cewa littafi, littafin. Nasu ma iri uku ne: kniga littafi, knigata littafin, knigava littafin nan, knigana littafin can.

Sai dai aji ɗaya na wannan harshe a jami'ar waje ya wuce batun nahawu, akwai siyasa a ciki. Girka ta daɗe tana jayayya a kan sunan Masedoniya, sai da yarjejeniyar Prespa ta 2018 ta sa ƙasar ta ƙara "ta Arewa" a sunanta, aka bar wa harshen nasa. Bulgeriya kuwa har yau tana kallonsa a matsayin reshen harshenta, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ta tare wa maƙwabciyarta hanyar fara tattaunawar shiga Tarayyar Turai a 2020. Gaskiya ne harsunan biyu suna jin juna sosai. A ganina dai wannan ba hujja ba ce: mutanen Norway da Sweden ma suna jin juna, ba wanda ya ce su haɗa ƙamus.