Aikin Garka a Ƙarshen Bazara

Daga cikin lokutan shekara babu wanda ya kai ƙarshen bazara rikita mai garka. A wajenmu, ƙasar Kano, wannan lokaci ya kan kama daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. Zafi ya kan kai digiri 40, ruwan rijiya ya yi ƙasa, yau a ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin, gobe a wayi gari sama fes kamar ba a taɓa yi ba. Garka kuwa, watau ɗan lambun nan na bayan gida, ba abin rainawa ba ce. Daga cikinta a ke samun kuɓewa da yakuwa da rama da alayyafo da kabewa da barkono, kuma gidan da garkarsa ta yi kyau ya huta da sayen kayan miya har kaka. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana ayyukan wannan lokaci kamar yadda na koya a gida da kuma lambun makaranta.

Da farko, me ke kawo wannan sauye-sauye? A darasin labarin ƙasa mun koyi cewa iska biyu ke takara a kanmu. Ɗaya busasshiya ce daga Sahara, ita ce mai kawo hunturu. Ɗayar kuwa mai laima ce daga tekun Atlantika, ita ce mai kawo damina. A ƙarshen bazara iyakar da ke tsakaninsu ta kan iso kanmu, amma ba ta tsayawa wuri ɗaya. In ta matsa arewa a sami ruwa, in ta koma kudu ruwa ya ɗauke. Sai iskar teku ta zauna daram sa'an nan a ce damina ta kankama.

To, mai hankali ba ya zama jiran wannan rana, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Aiki na farko shi ne shara. A tuge tsofaffin itatuwan tumatir na rani a ƙone su, kada a bar su tsibi a gefe, gama a cikinsu ƙwari ke fakewa. Iyayenmu ba su manta da tsutsar da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 ba. Tokar kuma a watsa ta a garka.

Na biyu, gyaran danga. Da rani a kan saki awaki da tumaki, ba a ɗaure su sai shuka ta fito, kuma akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin wata guda kafin a idar da sallar azahar. Karan da gara ta ci a sake shi, a ƙara ɗaure turaku, musamman ta fuskar gabas, domin ta nan iskar hadari ke tasowa. Yanzu ne kuma a ke kafa rassan zogale da bini-da-zugu a jikin danga, ruwa na sauka su kama.

Na uku, taki. Kashin awaki da na kaji da sharar gida a kwashe su tun da wuri a cuɗa da ƙasa. Amma fa wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki, balle na kaji, ya kan ƙone saiwar tsiro, sai mutum ya ga ganye ya yi ja ya ɗora wa rana laifi.

Na huɗu, sauya fasalin ƙasa. Da rani fangali mu ke yi mai zurfi don ya riƙe ruwan ban-ruwa. Da damina wannan zurfi shi ne zai kashe shuka, gama ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe. Sai a rushe fangali a ta da kunya, a tsaga wa ruwa hanya. A duba kuma inda indararo ke zuba. Yawancin garka a gindin soro ta ke, ruwan dare ɗaya daga indararo ya kan tone kunya ya tafi da taki duka. 'Yan duwatsu ko fasassun tukwane a wurin sun isa magani.

Na biyar, renon iri. Barkono da gauta da tumatir ba a shuka su kai tsaye. A kan yafa irinsu a ɗan wuri mai taushi, a kafa masa gajeriyar rumfa ta ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Rumfar tana tare rana, tana kuma rage dukan ruwan sama. Tumatir ya kan isa dashe bayan kamar mako 4, barkono kuwa sai ya kai mako 6. Wanda ya yafa a farkon Mayu, dashensa zai dace da zaman damina. Dashe kuma da la'asar a ke yi, ba da hantsi ba.

Yanzu sai babbar magana, watau ruwan farko. Ranar da ya sauka gari ya kan cika da murna, ƙamshin ƙasa ya tashi, kowa ya rarumi sungumi. Nan ne a ke asara. In ruwan bai ratsa ƙasa ba, iri zai jiƙa ya tsira, sa'an nan a yi kwana goma babu ko ɗigo, rana ta ƙone tsiron. Irin da ke kwance a busasshiyar ƙasa yana iya jira, shi ya sa manoman gero ke yin binne. Amma wanda ya riga ya tsira ba ya komawa ƙwaya. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Kakata tana da ma'auninta. Da safe ta kan sa a tona rami da fartanya, in laima ba ta kai zurfin tafin hannu da yatsu ba, sai ta ce, "Wannan na kashe ƙura ne, ku mai da iri cikin gora." Masana ma sun zo da abin da ya yi kusa da haka. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Nijar, ya ce a ƙidaya farkon damina daga sa'ad da aka sami ruwa milimita 20 cikin kwana 3 a jere, muddin ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba cikin kwana 30 da suka biyo. Auna milimita 20 ba wuya. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a ajiye a fili nesa da bango, da safe a tsoma rula. In ruwan ya kai santimita 2, to an samu.

Amma kwana 30 na gaba Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Don haka dabarar gidanmu ita ce a kasa iri uku. Kashi ɗaya a shuka bayan ruwa mai kyau na farko, a wurin da za a iya kai masa ɗauki da bokiti. Na biyu bayan mako biyu. Na uku a ɓoye cikin toka, ko da za a sake shuka. A rufe gindin tsiro da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe, a riƙa ɗagawa ana duba gara. Yana da kyau kuma a saurari hasashen da hukumar NiMet ke bayarwa kowace shekara a rediyo.

'Yan'uwana ɗalibai, mu da ke kwana a makaranta ruwan farko ya kan same mu a aji. Amma shara da danga da taki da kunya duk suna yiwuwa a hutun Afrilu kafin mu dawo. Mu yi su, mu bar wa ƙannenmu gwangwani da rula. Iyayenmu kuma muna roƙo a yi haƙuri da iri har ƙasa ta sha. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.