Ƙoda Ba Ta Kuka da Wuri

Duk ranar kasuwar Darki za ka ga mai tallar magani ya baje kayansa a faranti, manomi ko ɗan dako ya zo ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. Sai a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda. A cikin haɗin nan da wuya a rasa diclofenac ko ibuprofen. Suna kashe ciwo, ba musu. Amma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma wanda ya wuni a rana yana zufa, bai sha ruwa sosai ba, shi suka fi yi wa ɓarna.

Abin tsoron shi ne ƙoda kan lalace shekara da shekaru mutum bai ji komai ba. Kafin ƙafa da fuska su kumbura, fitsari ya riƙa kumfa, kasala da tashin zuciya su zo, aikin ya yi nisa. A nan ne wasu ke cewa sammu ne ko jifa, a koma shan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, a ƙara wa Barno dawaki.

Manyan masu kashe ƙoda su ne hawan jini da ciwon suga. Mu da ke kusa da kogin Wudil muna da ƙari: tsargiya. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, domin cutar na iya toshe hanyar fitsari har ta taɓa ƙoda. Man bilicin mai sinadarin makuri ma yana cikin masu laifi.

Idan ƙoda ta tsaya, sai wankin ƙoda, sau uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama, ko kuma dashe, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi tun 2002. Mutanen Gashuwa da Haɗeja sun san gidajen da wannan jinya ta cinye gona da shanu.

Awon jini da na fitsari kuwa kuɗinsu bai kai buhun taki ba. Mai hawan jini ko suga ya je Babban Asibitin Wudil a duba masa ƙoda ko sau ɗaya a shekara, kuma kada ya ajiye maganinsa don ya ji sauƙi. Uwargida kuma ta sassauta hannu wajen gishiri da dunƙule.