Gyaran Dokokin Shige da Ficen Kaya: Ina Ribar Falken Shanu Take Maƙalewa?

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a bakin kara, daga Dakoro zuwa Magarya. Ana cewa: tun da hukumomi sun ce an saki kasuwa, an soke kuɗin fito a kan dabba, me ya sa mutum zai kai shanu Najeriya, ya sayar da kuɗi mai kauri, ya dawo gida ya lissafa ya tarar ko uwar kuɗi ba ta fito ba? To, mun ga ya dace mu baje maganar a faifai. A ganinmu, kuɗin fito shi ne ƙaramin abu a wannan sana'a. Abin da ke kashe falke ko ya raya shi ya fi zama canjin kuɗi, da kayan da yake dawowa da su, da kuma ƙofar iyaka.

Mu fara da abin da ke rubuce. An kafa CEDEAO, wadda a Najeriya ake kira ECOWAS, a Legas a 1975. A 1979 ƙasashenta suka amince cewa amfanin gona, dabbobi da kayan sana'ar hannu za su riƙa ƙetare iyaka ba kuɗin fito, sai a 1990 aka shigar da kayan masana'antu cikin tsarin. Dabba mai rai ma ba a nema mata takardar shaidar asali irin wadda ake nema wa kayan kamfani. Takardar likitan dabbobi kuwa tana nan daram, domin ita maganar cuta ce, kamar ciwon huhu da ɓoru. Haka nan fatanti da kuɗin kasuwa, kowace ƙasa da nata. A nan mutane da yawa suke rikicewa. Soke kuɗin fito bai soke waɗannan ba, bai kuma taɓa shingayen hanya ba, inda ake karɓar na goro ba kitansi. Akwai kuma takardar ƙetare iyaka don kiwo da CEDEAO ta fito da ita a 1998. Wannan ta makiyayi ce mai tafiya cin rani da garkensa ya komo, ba ta falke mai kai wa mahauta ba ce.

Shi wannan abu da ake kira gyaran tattalin arziki, a shekarun 1980 ya shigo mana. Kuɗin yuraniyom ya faɗi a Nijar, kuɗin man fetur ya faɗi a Najeriya, bashi ya yi wa gwamnatoci katutu, sai suka nufi Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne ko'ina: gwamnati ta janye hannu daga saye da sayarwa, a daina raba lasisin shigo da kaya, a rage haraji a bakin iyaka, a bar kuɗin ƙasa ya nemi darajarsa a kasuwa. Dattawa cikinmu sun san zamanin SONARA mai sayen gyaɗa da COPRO-NIGER mai shigo da kayan masarufi. Wannan guguwa ce ta karɓe ikon da ke hannunsu. A Najeriya kuwa, gwamnatin Janar Babangida ta soke lasisin shigo da kaya da hukumomin sayen amfanin gona a 1986, ta kuma buɗe kasuwar canji a watan Satumba na shekarar.

Wannan na ƙarshen shi ne ya taɓa mu har ƙashi. A 1985 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya a farashin hukuma (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba). Zuwa 1993 sai da naira wajen 22 ake samun dalar guda. Sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Faransa, ba ta motsa ba. Ka ga ke nan mai saye da sefa ya sayar da naira, kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne.

Ga misali, kuma lissafin namu ne don a gane, ba farashin wata rana ba ne. Ka sayi bijimi jikka 300. Mota, 'yan kora, la'ada, takardu da hanya sun ci jikka 30. Ka sayar a Maigatari ran Alhamis naira 450,000. In jikka ɗaya tana kan naira 1,250, kuɗinka sun zama jikka 360, riba jikka 30, alhamdu lillahi. In kuwa canji ya koma naira 2,500, wannan naira 450,000 ɗin jikka 180 ce kacal. Sai ka sayar da bijimin naira 825,000 kafin ka mai da abin da ka kashe. Shin mahaucin Legas ko Ibadan zai ninka kuɗin sa don naira ta faɗi? Yakan ƙara, amma a hankali, domin masu cin naman albashinsu bai ninka ba. Babu wani ma'aikacin duwan da ya karɓi tamma a cikin wannan asara. Mun ga haka bayan 1986, mun gani a 2016, mun sake gani bayan Yunin 2023, lokacin da dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance ta kai wajen 1,500 a farkon 2024. A irin waɗannan lokuta har akan ga dabba ta juyo daga kudu tana neman kasuwar sefa.

Sau ɗaya dai iskar ta kaɗa ta wajenmu. A watan Janairun 1994, a taron Dakar, aka karya darajar sefa da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da ke kan sefa 50 ta koma sefa 100. Mai albashi ya ji jiki, mai shigo da kaya ya yi kuka, amma saniyar Sahel ta yi araha a idon mai saye daga waje dare ɗaya. Kafin nan, naman sanyi na Turai ya cika kasuwannin Abijan, Akara da Kwatano, domin Tarayyar Turai tana biyan 'yan kasuwarta tallafi su fitar da rarar naman da ya yi musu yawa. Makiyayin Abalak yana gasa da baitulmalin Turai ba tare da ya sani ba. A 1993 ƙungiyoyin agaji a can Turai suka tayar da ƙura a kan haka, aka fara rage tallafin, sai karyar sefa ta ninka kuɗin naman sanyin. Shanun Mali, Burkina da Nijar suka sake kama kasuwannin gaɓar teku. Sai dai daɗin bai zo shi kaɗai ba: maganin dabbobi, taya da kayan gyaran tirela duk daga waje suke, su ma suka tashi.

Akwai wani abu da masu rubuta doka a ofis ba su cika lura da shi ba, alhali kowane ɗan kora ya san shi. Fataucin shanu ƙafa biyu gare shi. Falke da yawa ba ya dawowa da naira don ya miƙa wa 'yan canji. Yakan mai da ita kaya: hatsi, siminti, taki, atamfa, kayan roba, a da har da man fetur. Ribar da ta ƙi fitowa a jikin sa, sai ta fito a jikin buhu. Saboda haka dokar da ba ta ambaci saniya ko sau ɗaya ba tana iya karya kasuwar shanu. A Nuwamban 2019 Najeriya ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kuɗin mota daga Illela ko Mai'adua zuwa kudu ya yi sama, arhar man da ake dawowa da shi ta tafi. Duk wanda zai auna lafiyar kasuwar kara, to ya tambayi kuɗin buhun masara a Dawanau da kuɗin litar gas, kafin ya tambayi kuɗin sa.

Wani hanin kuma taimakonmu yake yi, ko da ba don mu aka yi shi ba. Najeriya ta daɗe da sa naman shanu da kajin sanyi cikin jerin kayan da ta hana shigowa da su, har ofishin cinikayya na Amurka ya koka da haka a Afrilun 2025. Tsarin kuɗin fito na bai ɗaya da CEDEAO ta fara aiki da shi a Janairun 2015 yana da matakai 5: babu ko sisi, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin 100, kuma nama yana cikin na saman. A duba Ghana, wadda ta buɗe ƙofa: akasarin kajin da ake ci a can daga waje suke zuwa, kuma matar da ta sami cinyar kaza da araha ba ta neman tsokar sa. Don haka in mun ce a saki kasuwa, mu san irin sakin da muke roƙo. Sakin da ke tsakaninmu da maƙwabta alheri ne gare mu. Sakin da zai buɗe tashar jirgin ruwa ga naman da wata gwamnati ta biya wa tallafi, wannan wuƙa ce a wuyan garke.

Sai ƙofar iyaka. An rufe ta daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986, ga fari, dabbobi na mutuwa ba wurin kai su, har mutanenmu suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa a Agustan 2019, wata guda kacal bayan an ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Yamai, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamban 2020. Dalilin wannan shinkafa ce da mai, ba shanu ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka kuma rufewa har Maris 2024. A duk lokutan nan dabba ba ta daina ƙetarawa ba, sai dai ta bi daji da dare. Kuɗin hanya ya ninka, ɓarayi suka sami abin nema, gwamnatocin biyu suka rasa harajinsu, ƙaramin falke mai kai 5 ko 10 ya zauna gida, babba mai hannu da shuni ya ci kasuwar.

Ran 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina daga CEDEAO ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da kayan ƙasashen uku bisa tsohon tsari har zuwa wani sabon umarni. Wannan alfarma ce ta wucin gadi, ba yarjejeniya ba, kuma mai ɗora jari a kan alfarma ya san abin da ya taka. A Mayun 2025 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gabanin babbar salla, don rago ya yi sauƙi ga talaka. Niyyar mai kyau ce, ba mu musa ba. Amma wanda ya sayi rago tun kaka, ya ci bashin dusa da harawa wata 6 yana turke don kasuwar Kano ko Abijan, shi ya biya kuɗin wannan sauƙi, shi da makiyayin da farashi ya faɗi a hannunsa.

Abin da muke ganin ya kamata shugabanninmu su kai gaban ma'aikatar kasuwanci bai da yawa. Duk hanin da za a yi, a sanar da shi watanni kafin lokacin, a faɗi ranar da zai ƙare. A manna jerin kuɗaɗen da doka ta yarda da su a Ɗan Isa, Ƙonni da Magarya, da Hausa da Faransanci, yadda ɗan kora zai iya nunawa da yatsa. Mu kuma a namu ɓangaren, kowane ayari ya riƙe kitansinsa, ya rubuta abin da aka karɓa ba kitansi, da wurin da ranar, ya kawo wa sakatare. In za mu zauna da hukuma, da wannan littafi za mu je.