YADDA AKE FESA MA ƘAFAR KEKE FENTI A GIDA

Ran Litinin da ran Juma'a, tun da asuba kekuna ke kama hanyar babbar kasuwar Maradi. Wani ya ɗauro tumatir daga fadamar Gulbi, wani rake, wani kaji, wani buhun gero. Haka abin yake a Damagaram ran Alhamis. Keke shi ne jakin da ba ya cin dusa. Shi ke kai kaya kasuwa, shi ke kai yaro asibiti da tsakar dare. In ƙafarsa ta lalace, mai gida ya koma tafiyar ƙasa.

Abin da ya fi kashe ƙafar keke shi ne tsatsa. Manomi na iya tsare ta da kansa a gida, da gwangwanin fenti na feshi. Aikin ba wuya gare shi ba, amma yana da ƙa'ida. Wanda ya ƙetare ƙa'idar yana iya ɓata birkinsa, ko ya ji ma kansa ciwo.

INDA TSATSA KE ƁUYA

Ƙafar keke kashi 3 ce. Akwai janti, watau zagayayyen ƙarfen da taya ke zama kansa, wanda wasu ke ce ma rim. Akwai wayoyi, galibi guda 36. Akwai cibiya a tsakiya, inda boris yake.

Tsatsa na fitowa in ƙarfe ya gamu da ruwa da iska. Da damana, daga Yuni zuwa Satumba, keke na ratsa laka da tafki. Ruwa na bin ramukan wayoyi ya shiga cikin janti, ya kwanta ƙarƙashin taya, inda ido ba ya gani. Can tsatsa ke fara ci. Ƙarfe ya yi kaushi, ya dinga huda tiyub. Mai keke ya yi ta faci, yana zagin ƙaya, alhali laifin na janti ne. In abin ya daɗe, ƙarfen ya yi siriri, wata rana ya lanƙwashe ƙarƙashin kaya.

Ba kowane janti ke tsatsa ba. A kanga masa maganaɗisu, irin na cikin tsohuwar rediyo. In ya manne, ƙarfe ne, yana son fenti. In bai manne ba, alminiyom ne, ba ya jar tsatsa, wanki ya ishe shi. Jantin da tsatsa ta riga ta huda kuwa, fenti ba ya maganinsa. Ɓoye ciwon kawai zai yi. Wannan sai a sake sabo.

LOKACIN DA YA DACE

Bayan kaka ya fi, in ruwa ya ɗauke, hatsi ya shiga rumbu. A zaɓi safiyar da iska ta kwanta. Ranar hazo ba ranar fenti ba ce, don ƙura na mannewa kan ɗanyen fenti. Zafin bazara ma bai dace ba. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Fenti na bushewa cikin iska tun bai sauka kan ƙarfe ba, ya fito da kaushi kamar yashi.

SHIRI YA FI FESHI YAWA

A kwance ƙafa daga jikin keke. A cire taya da tiyub, da ƙyallen nan ko robar da ke rufe kawunan wayoyi. A kankare tsatsa da burushin ƙarfe, ciki da waje. A bi da takarda mai yashi, wadda kafintoci ke ce ma samfefa. Wurin da ke ƙyalli ma a goge shi har ya dushe, don fenti ba ya kama ƙarfe mai santsi.

Sannan a wanke da omo da ruwa. Wanda ya goge baƙin mai da kananzir, lalle ya sake wankewa da omo, saboda kananzir na barin maiƙo. A shanya a rana har ya bushe ƙarau. Daga nan kada a taɓa janti da hannu mai zufa.

INDA BA A SA FENTI

Nan ne masu keke da yawa ke kuskure. Hanyar da robar birki ke kamawa ba a sa mata fenti ko kaɗan. In an sa, roba na zamewa kan fenti, ko fentin ya naɗe a jikin roba. Mai keke ya zo gangara da buhu a bayansa, ya matsa birki, keke ya ƙi tsayawa. Da ruwa abin ya fi muni.

Kafin a kwance ƙafa, a matsa birki a duba inda roba ke sauka. A manyan kekuna masu birkin sandar ƙarfe, irin Raleigh da Phoenix, robar na kama cikin janti, dama da hagun wayoyi. A keke mai birkin waya, gefen janti take kamawa. A rufe wannan hanya da salatif, zagaye duka. Tsatsar da ke wurin, samfefa kaɗai ke fidda ta.

A naɗe cibiya da leda a ɗaure, kada fenti ya shiga boris. A rufe kawunan wayoyi su ma. In fenti ya daskare musu, ranar da ƙafa ta karkace mai gyara ba zai iya murɗa su ba.

FESHI

A rataye ƙafa da igiya a reshen icce, cikin inuwa, yadda za a iya juya ta. A girgiza gwangwani minti 2. Ƙarar da ake ji ciki ɗan ƙwallo ne da ke dama fenti. A gwada kan kwali tukuna.

A fara da fentin hana tsatsa, galibi ja ne ko toka-toka. In ya bushe, a bi da launin da ake so. A riƙe gwangwani nesa da ƙarfe kamar santimita 25, watau ɗani ɗaya da ɗan ƙari. Hannu ya dinga tafiya, kada ya tsaya wuri guda. Shafi siriri sau 3 ya fi mai kauri sau 1, don mai kauri zuba yake yi kamar hawaye. Tsakanin shafi da shafi a jira kamar minti 15. In akwai rubutu a jikin gwangwani da ya faɗi wani lokaci daban, shi za a bi.

In an gama, a kifa gwangwani a danna kaɗan har iska kaɗai ta fito, don kada bakinsa ya toshe. A cire salatif. A bar ƙafa kwana 2 kafin a mayar da taya. Fenti na bushewa a sama tun cikinsa na ɗanye.

GWANGWANI YANA DA HAƊARI

Abin da ke turo fenti waje gas ne, dangin wanda ake girki da shi. Yana kama wuta. Kada a yi feshi kusa da murhu, ko fitila, ko mai shan taba. Kada a yi cikin ɗaki. Warinsa na kawo jiri da ciwon kai. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya. A kore yara da dabbobi. A kau da randa da ƙwaryar nono da hatsin da aka shanya.

Gwangwani ba ya jure zafin da ya wuce digiri 50. Kada a bar shi a rana ko kan rufin kwano. In ya ƙare, da sauran gas a ciki. Kada a huda shi. Kada a jefa shi wuta, kada a yar da shi a jujin da ake ƙonawa, don fashewa yake yi. Kada a ba yaro ya yi mota da shi.

Bayan an mayar da ƙafa, a gwada birki a fili, gaba da baya, kafin a ɗora kaya. In damana ta dawo, a dinga wanke laka, a goge janti da tsumma, a ajiye keke inda ruwa ba ya dukansa. Maƙwabta 2 ko 3 na iya haɗa kuɗi su sayi fenti, su yi aikin rana guda. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.